Rabin Duro a Ƙofar Mai Aski

Yayana mai aski ne, kuma idan akwai mutumin da tsabta ta cuta a duniyar nan, to shi ne. Ni ce auta a ɗakinmu. Shagon ɗinkina yana tsallaken titi, ƙofata na kallon tasa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Daga kan kekena na ga komai, ƙafa na takawa ido na waje.

Tun muna yara haka yake. Zai fita wasa da tsaransa, kowa ya dawo buɗu-buɗu, shi ya dawo kamar ba da shi aka je ba. Innarmu takan ce ko ƙuda sai ya yi sallama kafin ya shiga ɗakin Yaya. Karatu bai karɓe shi ba, sai aka kai shi wajen wani dattijo mai aski a bakin tasha. Ya daɗe yana shara da wankin tawul kafin a yarda ya taɓa kan mutum, kuma ina jin a nan ne ciwon tsabtar ya ƙara kama shi. Lokacin da ya kama nasa shagon a layinmu, titin ko kwalta babu, shagunan ma tsilli-tsilli ne, akwai fili tsakanin wannan da wancan.

Shagon ba wani abin a zo a gani ba ne. Madubi ɗaya babba, kujera mai juyawa da ya saya a hannun wani, sai kantar da ya jera almakashi da mataji da kwalbar sifirit da gwangwanin hoda, kowanne da mazauninsa. Tawul ɗinsa farare ne tas, kuma shi yake wanke abinsa, wai matarsa ba ta cuɗa gefe-gefen yadda yake so. Ita kuwa ta ce Allah ya ƙara masa ƙarfi, ta huta. Da safe sai ya share gaban shagon har bakin titi, ya yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, sannan ya buɗe. Kafin ya ɗora inji a kanka sai ya goge shi a gaban idonka, ya hure, ya sake gogewa. Idan ka yi gajen haƙuri ya ce, "Kai ɗaya gare ka, mu bi shi a hankali."

Amma abin da ya raya shagon benci ne, wani dogon benci da ya ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano. A nan ake jiran layi, a nan ake gardamar ƙwallo da ta tsadar kaya. Har masu sanƙo, da ba su da abin askewa, a nan suke wuni. Da bencin nan Yaya ya yi aure, da shi ya ciyar da iyalinsa, don wanda ya zauna hira yau, jibi zai kawo kansa da na 'ya'yansa.

Maƙwabcinsa na hannun dama mai burodi ne, yana haɗawa da ƙwai da madara. Wata rana Yaya ya tara gashi a bakin ƙofa, kafin ya kwashe iska ta ɗebe shi ta watsa. Can sai ga mai burodi ya shigo da burodi a hannu, ya nuna masa wani ɗan silin gashi da ya maƙale a jiki.

"Mai aski, ka gani fa. Wata mata ce ta dawo min da shi."

Da wani ne sai ya ce iska ce, ba ni ba. Yaya kuwa kunya ta hana shi cin abinci ranar. Washegari ya samo tsohon duro, ya sa mai walda ya yanka shi biyu, ya shafe rabin da koren fenti, ya yi masa murfi da katako, ya girke shi a gefen rumfarsa. Na gashi ne kawai da 'yar sharar shagonsa. Idan ya kusa cika sai ya kai filin bayan kasuwa inda kowa ke zubarwa. Har tsallakawa na yi na yaba masa fentin.

A zamanin shara ba ta da wani nauyi. Ganye ne, toka, ɓawo, da tsohuwar takardar da aka ƙunso sabulu ko sukari. Awaki su cinye rabi, rana ta busar da saura. Sai gari ya fara buɗe ido. Aka zuba kwalta, aka cike filayen da ke tsakaninmu da shaguna, leda ta shigo. Ka sayi allura a sa maka a leda, ka sayi ruwa a leda, ka sayi ledar ma a sa maka ita a wata ledar. Ana cikin haka aka sayar da filin bayan kasuwa, aka gina jerin shaguna masu ƙofar gilashi. Aka yi ta murna wai gari ya ci gaba. Ba wanda ya tsaya ya ce, to jama'a, sharar da muke kaiwa can fa? Sabon ramin da aka nuna yana can bayan gari, sai an wuce gada, kuma kowa ya san ba mai zuwa.

Mai burodi ne ya fara. Ina ji ina gani ya ɗaga murfin, da kwanon ɓawon ƙwai a hannu.

"Mai aski, a yi haƙuri, ɗan kaɗan ne."

"Haba maƙwabci, ai ba komai."

Na ɗaga murya daga tsallake na ce, "Yaya, akwai komai!" Suka yi dariya dukansu, wai Auta ba ta rabo da faɗa.

Bayan mai burodi sai mai kayan miya, sai mai gyaran babur, sai gidajen da ke bayan layi. Da farko ana neman izini, daga baya ana gaisuwa kawai, daga baya gaisuwar ma ta faɗi. Murfin ya ɓace, wani ya ga katako ya ga itacen girki. Abin da ke shiga duron kuwa ba na faɗa a gaban mai cin abinci ba ne: hanjin kaza, ruɓaɓɓen tumatir, ƙunzugun jarirai, ragowar abincin da ya kwana ya yi yauƙi. Har mushen kyanwa na taɓa gani. Za ka ga mutum da farin kaya yana ƙamshin turare, ya rage gudun babur ya wurgo ƙullin leda, ko tsayawa bai yi ba. Idan ta faɗa ciki to, idan ta fashe a ƙasa ba ruwansa, shi dai ya tsabtace gidansa.

Me Yaya ya yi? Ya sayi baro da shebur. Wallahi abin da ya yi ke nan. Kullum da sassafe zai loda sharar mutane ya tura ta har bayan gada, wani lokacin ya dawo ya sake komawa. Ya wanke simintin da ruwan sabulu, ya tafi gida ya yi wanka ya canja kaya, sannan ya zo ya ɗauki almakashi. Masu sammakon aski kafin su wuce aiki su zo su tarar da ƙofa a rufe, su gaji da jira su tafi. Kafin rana ta take duron ya sake cika.

Ƙudaje suka gane hanya. Tsofaffin da ke hira a wurin suka fara janye bencin gefe, suka janye, suka janye, har rumfa ta ƙare, sai suka koma hira gaban shagon mai gyaran rediyo. Iyaye masu kawo yara suka koma wajen wasu samari da suka buɗe sabon shagon aski a kan kwana, mai talabijin da janareto. Wata rana wani da Yaya ke yi wa aski tun gemu bai fito masa ba ya tsaya a ƙofata yana jiran in sa masa maɓalli, ya ce, "Ni fa ina son askin yayanki. Amma hannun da ya kwashi bola da safe, shi zai shafa min fuska?" Na tambaye shi ina gidansa ke kai shara. Sai ya hau duba agogo.

A gida ma abin ya fara nunawa. Matar Yaya ba mai ƙorafi ba ce, amma ta zo ta zauna a shagona tana tsince zare a jikin zane, sannan ta ce, "Auta, ki yi masa magana mana. Tukunya ta fara yi mana girma." Tana fita na rufe keke na tsallaka. Na same shi shi kaɗai, zaune a kujerar aski yana korar ƙuda da tawul.

"Yaya, don girman Allah ka ɗauke duron nan."

"Idan na ɗauke ina za su zuba, Auta?"

"Su zuba a tsakar ɗakinsu! Kai ka haife su?"

"A kwata za su zuba. Ruwa ya zo ya shiga shagon kowa, har naki."

"To ya shiga, ni na yarda. Dubi bencinka, Yaya. Tun safe kai nawa ka aske?"

Ya dubi bencin. Bayan 'yan kwanaki ya juye duron, ya wanke shi, ya gangara da shi gida.

Na ɗauka an gama. Ashe ban san mutanen layinmu ba. Duron ya daɗe a wurin har gindinsa ya bar zoben tsatsa a kan siminti. To a cikin zoben nan aka ci gaba da zubawa. Mutum zai zo da bokitinsa, ya ga babu duro, ya ɗan tsaya, sannan ya juye a tsakiyar da'irar a hankali, har yana gyarawa da ƙafa kada ta fita layi. Wai shi mai bin doka. Yaya ya kankare tsatsar da buroshin ƙarfe, ya shafe wurin da fenti, ya sa aka rubuta a bango cewa an hana zuba shara a nan. Sai aka samu alama mai kyau, duk wanda za a aika sai a ce masa ya kai wajen rubutun nan. Har wata mata ta leƙa shagon tana huci ta ce, "Malam, ina ka kai mana duronmu?" Duronmu! Da kunnena na ji.

Wani yammaci na hango wani ƙato ya sauke buhu guda. Na tashi da almakashi a hannu ban ma sani ba, na tare shi a tsakiyar titi, na wanke shi tas, na ce ya ɗauki tsiyarsa ya mayar inda ya ɗebo. Mutane suka taru. Har ya sunkuya zai ɗauka, sai ga Yaya ya fito da sauri ya riƙe masa hannu.

"Yi haƙuri ɗan'uwa, ƙanwata ce, zuciya gare ta. Bar shi kawai, gobe zan kwashe."

Mutumin ya miƙe, ya kakkaɓe hannu, ya kalle ni sama da ƙasa ya wuce. Na yi kwanaki ban yi wa Yaya magana ba. Ina son yayana, amma ranar da ni ce babba da na rufe shi da duka. Haƙurinsa ya zame wa mutane hanya, kuma shi kaɗai ne bai gani ba.

Shekaru sun fara ja, ga turin baro kullum. Wata safiya a hawan gada bayansa ya riƙe, sai ɗauko shi aka yi. Likita ya ce ya kwanta, kada ya ɗaga ko buta. Shago ya zauna a rufe, masu zubawa kuwa ba su fasa ba. Shara ta haye ƙarƙashin rumfa, ta binne ƙafafun benci, ta kai bakin ƙofa. Na bi layin shago-shago na ce jama'a, mutumin nan yana kwance, mu haɗa hannu mu kwashe. Wannan ya ce yana da ciniki, wancan ya ce ai ba ƙofarsa ba ce. Ni da matar Yaya muka yi iya yinmu da shebur, amma abin da muka kwashe da safe sai a mayar da ninkinsa kafin yamma. Abin da ya fi ƙona min rai, sai ga su suna wucewa suna toshe hanci, suna cewa mai aski ya bar musu wuri yana wari.

Su ne kuma suka kai ƙara. Mai burodi ne a gaba, wai ƙuda na kore masa masu saye. Duba-gari, ma'aikacin tsabtar nan da tun da nake layin ban taɓa ganin ƙeyarsa ba, sai ga shi da hula da takalmi sau-ciki, da kwaɗon rufe ƙofa a hannu. Na aika gida, Yaya ya taso a karkace yana dogara sanda.

"Ranka ya daɗe, duk tarin nan babu tawa ko ɗaya. Ni sharata gashi ce. Tona ka gani ko za ka samu gashi."

"Baba, ni ba tona aka aiko ni ba. Kowa da ƙofarsa. Wannan ƙofar wa ce?"

"Tawa ce."

"To ka gani."

Na ce masa ya juya ya dubi masu kallon nan, kowannensu zai iya nuna ledarsa a ciki. Ya ce, "Baiwar Allah, ki kama bakinki, ko in tsallaka in duba taki ƙofar." Ya datse kwaɗon. Masu kallo suka watse a hankali, kowa ya tuna yana da abin yi. Kafin Yaya ya ji sauƙi ya bi sawun a buɗe masa, mai shagunan da Yaya ke haya a wurinsa ya aiko cewa yana son wurinsa, sauran 'yan haya sun dame shi da ƙorafi. Yaya ya je har gida ya roƙe shi, ya ce a shagon nan kansa ya yi furfura. Mutumin ya ce ya sani, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Ranar kwashe kaya Yaya da kansa ya rungumo madubin, bai yarda kowa ya taɓa ba, ya ratsa tulin shara yana leƙen inda zai sa ƙafa. Bencin ya riga ya ruɓe daga ƙasa, aka bar shi a nan. Yanzu a ƙofar gida yake aski, ƙarƙashin 'yar rumfa, a lungun da sai wanda ya sani. Tsofaffi ƙalilan ne ke zuwa, sai jikoki, su kuwa kyauta ne.

Wanda ya karɓi shagon wani saurayi ne mai sayar da wayoyi, mai baki kamar reza. Kafin ya shiga, mai shagunan ya samo mota aka kwashe tulin a wuni guda, motar da shekara da shekaru aka ce babu ita. Safiyar farko wata mata ta zo ta ajiye ƙullinta yadda ta saba. Sai mai waya ya fito. Ya ɗauki ledar, ya bi ta a baya har gida, ya zazzage mata a tsakar gida a gaban mijinta. Na biyu wani dattijo ne. Mai waya ya ɗauke shi hoto, ya ce idan ya sake sai duk garin nan sun gan shi. Shi ke nan fa. Kafin mako ya zagayo wurin ya yi fes, ka ce ba a taɓa yar da tsinke ba. Mutanen da suka yi shekaru ba su iya karanta rubutun bango ba, rana ɗaya suka haddace shi. Yanzu kwata ake turawa, kowa ya faki ido ya tura gaban na kusa da shi, amma wannan ba a ganinta sai an leƙa.

Ashe suna iyawa. Wannan ne ke hana ni sukuni. Sun dai samu wanda ba zai zage su ba ne, suka hau kansa har suka karya shi.

Kwanan baya mai burodi ya kawo min wando in rage masa tsawo. Ya tsaya a ƙofata, ya harɗe hannu a baya, yana kallon tsallake inda mai waya ya jera fitilu masu launi.

"Kin ga ikon Allah, tela? Tun da yayanki ya tashi wurin nan ya zama wuri. Mutumin kirki ne, ba a raba shi da wannan. Amma tsakani da Allah, akwai ƙazanta."

Na dube shi da kyau. Ba tsokana yake ba, har zuciyarsa yake faɗa. Na dunƙule wandon na jefa masa a ƙirji, na ce ya kai wa wanda zai iya kallon fuskarsa. Daga baya na gane ba shi kaɗai ba ne. Haka ake faɗa a layin yanzu, har waɗanda suka zo jiya, wai da can wani ƙazamin mai aski ne a wurin.

Da yamma na biya gidan Yaya. Na same shi ya sallami wani tsoho, ya durƙusa da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, yana tattara ɗan gashin da ya zuba. Na karɓi tsintsiyar, ya zauna yana mayar da numfashi.

"Auta, yaya layi? Yaya ƙofar shagona?"

"Fes take, Yaya. Ko tsinke babu."

"Da gaske?"

"Da gaske."

Fuskarsa ta washe, irin farin cikin da na daɗe ban gani a wurinsa ba.

"Alhamdu lillahi. Kin gani ko? Ke kullum faɗa, kullum faɗa. Na gaya miki mutanenmu ba su da mugunta, lokaci kawai suke so su gane."

Na ce haka ne, Yaya. Na juya masa baya, na ci gaba da share wurin da na riga na share.